Yanke sifirin don a sauke mota ƙasa: amsa ga mai Camry a Jidda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mazaunin Jidda, ina da Camry ƙirar 2019. Ina so in sauke ta ƙasa kaɗan, don giɓin da ke tsakanin taya da jikin motar ba ya yi mini kyau. Wani bakanike ya ce zai yanke mini zagaye ɗaya ko biyu daga kowane sifirin, ko kuma ya gasa su da wutar walda su zauna, kuɗin ma ba yawa. Da motar nake kai iyayena Makka da Ɗa'if. Akwai matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Akwai matsala, kuma babba ce. Tun da ka ambaci iyaye da hanyar Ɗa'if, ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka bari a yanke, kada ka bari wuta ta taɓa sifirin ɗin nan.

Mu fara da wutar, don ita ta fi muni. Ƙarfen sifirin ba irin rodin gini ba ne. A masana'anta ana zafafa shi, a sanyaya shi da sauri, a sake ɗumama shi a ma'aunin zafi na musamman, wannan ne ke sa ya lanƙwashe ya komo daidai shekara da shekaru. Da zarar mai walda ya gasa shi ya yi ja, duk wannan aikin ya rushe a daidai wurin. Motar za ta sauka a ranar, ka ji daɗi, amma za ta ci gaba da zama a hankali, kuma ba daidai ba, don babu hannun da zai gasa sifirin huɗu da zafi iri ɗaya. Wutar kuma tana ƙone fentin da ke kare ƙarfen, ga iskar Jidda mai laima da gishirin teku. Tsatsa ta shiga, wata rana ya karye. Sifirin gaba idan ya karye yana iya yaga tayar da ke kusa da shi, kuma ba ya zaɓar lokacin da kake tafiya a hankali.

Yanka kuwa, ga abin da yake yi. Ƙarfin sifirin ya danganta da kaurin ƙarfen, da faɗin zagayen, da yawan zagayen da ke aiki. Rage zagaye yana ƙara masa tauri. A ce zagaye 6 ke aiki aka cire 1, taurin zai ƙaru da kashi 20 cikin 100. Wasu makanikai da wannan suke kafa hujja, su ce ai motar ma ƙara kama titi za ta yi. Abin da ba sa faɗa shi ne, ƙarin taurin bai kai ya rama tazarar da aka rasa ba. A jikin sandar shokobzoba akwai wata roba mai kauri da ke tare bugu na ƙarshe. An yi ta ne don ramin da aka faɗa ba shiri. Motar da aka yanke wa sifirin kusan a kan robar nan take tafiya, kowane ɗan tudu sai ka ji dum a ƙashin bayanka. Tayar da ke tsalle haka ba ta manne da kwalta, kuma tayar da ba ta manne ba, birki ba ya kama ta yadda ya kamata. Ka tuna kwanonin hanyar Hada idan ana gangarowa daga Ɗa'if.

Sannan ka sa a ɗaga motar ka leƙa inda sifirin yake zaune. Za ka ga mazauninsa yana da tsani da ɗan lungu inda bakin ƙarfen ke tokarewa, an ƙera su su dace da juna. Wasu sifirin ma bakinsu a matse yake ko a daddale. In aka yanke, bakin ba zai zauna yadda aka tsara ba, kuma idan ya gajarce sosai, duk lokacin da taya ta saki ƙasa gaba ɗaya sai ya yi sako-sako, yana iya zamewa daga mazauninsa.

To, idan ranka ya kafe a kan saukewar, akwai hanyar da ta fi. Kamfanoni irin su Eibach da H&R suna ƙera sifirin masu gajarta ga ƙirar motoci da dama, galibi suna sauke ta tsakanin santimita 2 da rabi zuwa 4, da taurin da aka lissafa don ya dace da gajartar. Ka sayi na ƙirar motarka da shekararta, saiti guda na ƙafa huɗu, daga dillalin da ka amince da shi, don jabu sun yi yawa. Idan shokobzobarka ta tsufa, ka canza ta tare, domin tsohuwa ba ta iya riƙe sifirin mai tauri, nan da nan za ta fara yoyon mai. Akwai kuma wanda ke zuwa haɗe da shokobzobarsa, mai zare a jiki da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke. Ya fi tsada, kuma mai arharsa ya fi na kamfanin motar muni nesa ba kusa ba. Ni dai a motar iyali ba na son a wuce santimita 3.

Bayan an ɗaura, saitin ƙafa wajibi ne. Mota in ta sauka, saman tayoyin yana karkata ciki, bakinsu ma yana sauya fuska, sai taya ta cinye ta gefen ciki inda ido ba ya gani, waje kuwa kamar sabuwa. A yi saitin, a sake dubawa bayan mako biyu idan sifirin ya gama zama. A gyara saitin fitilun gaba. In motarka tana da kyamara da na'urar da ke lura da motar gabanka, ka sa a duba saitinsu su ma. Don Allah kada ka kwance sifirin da kanka a gida, a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fuska, sai da abin matse shi na musamman.

Amma ka yi lissafin abin da za ka rasa. Tsakanin cikin Camry irin taka da ƙasa kimanin santimita 14 da rabi ne, kuma babu kowa a ciki ke nan. Cire 3, ka zuba mutum biyar da kaya da jarkokin Zamzam a but, sannan ka tunkari tudun rage gudu na cikin unguwanninmu ko gangaren shiga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin bene. Bamba za ta sha, salansa za ta sha, kaskon man inji ma bai tsira ba. Ga ruwa. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ko ta Nuwamban 2022 ya san yadda titi ke komawa kogi cikin sa'o'i kaɗan. Bakin da inji ke shaƙar iska yana sauka tare da motar, kuma in ya shaƙi ruwa, sai dai a yi maganar sauke inji.

Ga kuma hukuma. A Saudiyya, sauya fasalin mota ba tare da bin ƙa'ida ba, laifi ne a dokar hanya, kuma motar da ta kai shekarun taka tana zuwa fahas, wato gwajin lafiyar mota, duk shekara, inda ake leƙa ƙarƙashinta. Ka je Murur, wato ofishin 'yan sandan kula da hanya, ka tambaya kafin ka kashe riyal ko ɗaya, ka kuma tambayi kamfanin inshorarka, don kada ranar da aka yi tsautsayi su ce motar ba yadda suka san ta take ba. Mu baƙi ne a ƙasar nan, tara da riƙe mota sun fi yi mana nauyi.

Da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, zan ce ya bar tsayin yadda Toyota ta yi shi, ya sa kuɗin a tayoyi masu kyau da sabuwar shokobzoba. Idan duk da haka ka sauke, ka adana sifirin ɗinka na asali guda huɗu a gida, za ka buƙace su ranar fahas ko ranar da za ka sayar da motar.