Ɗiyar ƙanwata ta daina cin abinci tun bayan harin 'yan bindiga, wa zan kai wa ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗiyar ƙanwata ce, shekarunta 17, tana hannuna nan cikin garin Sakkwato tun da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyensu bara, aka kashe mahaifinta tana kallo. Tun daga ranar abinci ya gagare ta. Kullum sai ta ce azumi take, in an sha ruwa kuma loma biyu ta tsame hannu. Na sha tarar da tuwo ƙunshe a leda ƙarƙashin katifarta, kuma na taɓa jin kakarin amanta a bayan gida bayan na matsa mata ta ci. Al'adarta ta ɗauke. An yi ruƙiyya, shiru. Wata maƙwabciya ta karɓo mana sha-ka-fashe a kemis, wata biyu ke nan tana sha. Fuska ta ciko, amma hannuwa da ƙafafu sai ƙara ramewa suke, ga ba ta barci. Hankalina a tashe yake. Ba mahaukaciya ba ce balle in ce asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.
Wata uwa daga Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifinta, Ya ba ki ladan riƙon marainiya. Da ƙwayar nan zan fara, don ita ta fi tsorata ni a duk bayaninki.

Ki duba jikin kwalin ko takardar ƙwayar. Galibin abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe za ki ga an rubuta dexamethasone, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Na farkon magani ne mai ƙarfi, muna ba da shi don kumburi ko asma mai tsanani, a kan awo, na ɗan lokaci. Cikowar fuskar da kika gani ba ƙiba ba ce. Maganin kwashe kitse yake ya tara a kumatu da bayan wuya da ciki, yana kuma cinye tsokar hannu da ƙafa, daidai yadda kika siffanta. Yana hawar da sukari da jini, yana raunana garkuwar jiki har tarin fuka da ke kwance ya samu ƙofa, yana lalata ƙashi, alhali yarinyar da yunwa ta ɗauke wa al'ada ƙashinta ya riga ya fara rauni. Yana hana barci, yana sa firgici da saurin fushi, wasu har sambatu. Ki duba wadda aka ba: yarinyar da ko ta rufe ido ranar nan take gani. In ta fara zabura da dare sai a ce mutanen ɓoye sun dawo, a ƙara hayaƙi, ba wanda zai waiwayi ƙwayar.

Abin nan ya ishe ni. Da wuya mako ya wuce ban ga yarinya da fuska tantsan-tantsan da ciki duk nankarwa ba, uwa na murna wai ta yi jiki. Yaron kemis bai auna ta ba, bai tambayi dalilin ramar ba, ya ƙirga ƙwaya ya ƙulla a leda ya karɓi kuɗinsa. Ga masu tallar haɗin ƙiba a TikTok da WhatsApp, ba wadda za ta faɗa miki abin da ta zuba a garin da take sayarwa. Duk a kan zato guda suke cin kasuwa, wai duk wanda ya rame cikinsa ne ya rufe, a buɗe shi a huta. Ɗiyarki tana jin yunwa sarai. Mai ɓoye tuwo, mai fakewa da azumi, mai janyo amai, gudun abincin take yi, kuma babu ƙwayar da ke gyara wannan. Yaɓe kawai aka yi a kan tsagaggen bango.

Amma kada ki tsayar da maganin yau da kanki. Bayan wata biyu, halittun da ke saman ƙoda sun rage samar da sinadarin da ƙwayar ta maye gurbinsa. In aka yanke lokaci guda, jini na iya faɗuwa, ta yi ta amai, ta suma, har a rasa rai. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.

Abin da nake zato, kafin in gan ta, ciwon ƙin abinci ne da ya hau kan raunin firgicin da ta shiga. Wanda aka ƙwace wa komai a dare ɗaya, wani lokaci bakinsa kaɗai ya rage masa iko a kai. Wata kuma gani take ba ta cancanci ci ba tunda mahaifinta ya tafi ita ta tsira. Akwai 'yan matan da aka ci zarafinsu suke ƙin jikinsu ya cika. Ban ce haka ya faru da ita ba, kuma kada ki titsiye ta da tambaya. Ciwon yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, ta hanyar zuciya ko kashe kai.

Ki kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo cikin makon nan. A auna jini, musamman sukari da sinadaran fotasiyam da fosfet, a duba bugun zuciya, a tabbatar ba tarin fuka ko ciwon maƙoƙo a ɓoye. Daga nan ki nemi sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Kware kuma da kike gudu, asibitin tarayya ne, mutane da yawa safiya suke zuwa su ga likita su koma gida. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a rufa masa asiri a kuma mutunta shi.

Ƙwararrun da suka keɓe ga matsalar cin abinci kaɗai ba su da yawa a ƙasar nan, don haka aikin na haɗin gwiwa ne: likitan ƙwaƙwalwa, masanin halayyar ɗan'adam da zai riƙa zama da ita, da masanin abinci. Ki tambaye su kai tsaye ko sun saba jinyar waɗanda suka ga tashin hankali. Da abinci ake farawa, don ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa ba ta iya ɗaukar tonon abin da ya wuce. Shi ma abincin da tsari ake ƙara shi. In aka ɗura wa wanda ya daɗe da yunwa fura da nama lokaci guda, fosfet na iya zubewa a jini zuciya ta kasa. Ke ma kina cikin masu jinyar, za a koya miki zama da ita a kan kwano ba faɗa ba gori.

Addu'a ku ci gaba, amma ban da duka da turaren barkono. Ki samu malamar da take girmamawa ta tuna mata cewa Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame ko a Ramadan, balle nafila.

In ta suma, ko zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko ta yi aman jini, ko ta fara cewa gara ta bi mahaifinta, kada ki jira wayewar gari, ki wuce sashen gaggawa, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Ki tafi da ragowar ƙwayar da kwalinta, ki faɗa wa likita guda nawa take sha a rana da lokacin da ta fara.