Doki da maraya a labarin matasa

Tambaya: Malam, ina rubuta wa matasa labarin wani yaro ɗan shekara 15 da mahaifinsa ya rasu ya bar masa doki. So nake dokin ya zama sanadin sanyin zuciyarsa, amma ina tsoron a ce tatsuniya na yi. Yaya zan yi? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Tsoronki yana kan hanya, domin da zarar kin sa doki ya zubar da hawaye ko ya gane maganar mutum, kin koma gatanan gatananku. Ki bar shi a dokinsa, ki ɗora labarin a kan hidimarsa.

Duba yadda rasuwa take a wajenmu. Ana zaman makoki gida ya cika, kowa ya ce wa yaro "yi haƙuri, namiji ba ya kuka". Bayan sadakar bakwai a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. To daga nan labarinki zai fara. Doki bai san an yi rashi ba; da asuba zai yi haniniya yana neman harawa da dusa. Dole yaron da ya ƙi fita ɗaki ya tashi ya share turke, ya ɗebo ruwa, ya jiƙa kanwa. Wannan tilas ɗin ita ce farkon sauƙi, kuma a turke kaɗai zai yi kukansa babu mai hana shi.

Ilimi ma yana bayanki. A 2016 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna wa dawakai hotunan fuskokin mutane, suka ga bugun zuciyarsu na ƙaruwa idan fuskar ta fushi ce. Saboda haka ran da yaron ya shigo a fusace, dokin ya kwantar da kunnuwa baya ya ƙi karɓar linzami. Ran da ya ɗauko sirdin mahaifinsa, ya tarar likkafa ta yi masa tsawo, sai ya rage igiyar da hannunsa. Kada ki yi wa mai karatu bayani a nan, zai gane.

Ina roƙonki kada ki rufe da cin tseren sukuwa, an gaji da shi. Kuma kada dokin ya maye gurbin mutane. A ƙarshe yaron ya buɗe baki ga mahaifiyarsa ko baffansa, ko da a kan kuɗin dusa maganar ta fara.