Kano zuwa Jidda awa biyar ne, to ban kwanan na mene ne?

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kana lafiya. Ka ce ka ga mahaifiyarka tana bin dangi gida-gida tana neman gafara saboda za ta tafi aikin Hajji, har ta sa an rubuta mata wasiyya, alhali jirgi ne zai kai ta Jidda cikin yini guda. Kana tambaya ko zamani bai wuce wannan al'ada ba.

Lissafinka daidai ne. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda wajen kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar idan an miƙe. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, wanda ya tashi da hantsi sai ya sauka bayan la'asar.

Amma kakanninmu da ƙafa suka ci wannan nisan, da jaki da raƙumi. Daga Kano su nufi Borno, su ratsa Wadai ta Abeshe, su shiga Darfur, su bi ta Fashir da Ubayyid har bakin kogin Nilu, sannan Sawakin, inda za su hau jirgin ruwa su tsallake Bahar Maliya. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago damina biyu, sannan ya ci gaba. Wani ya fita da saurayin ɗa, ya dawo da jikoki. Wasu ba su dawo ba ko kaɗan. Hausawan da ke Sudan yau, da yawansu zuriyar waɗannan matafiya ne, da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, suka kafa garin Mai Wurno. Mai irin wannan tafiya dole ya raba gari da kowa lafiya.

Jirgi ya rage kwanakin hanya, gaskiya ne. Sai dai mahaifiyarka ba tsoron hanya ne ya fitar da ita ba. Malamai sun karantar da mu cewa haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don an yi ɗawafi: bashi sai an biya, wanda ka ɓata wa sai ya yafe da bakinsa. Ni ina ganin wannan ne tushen al'adar, nisan hanya ƙara mata nauyi kawai ya yi. Ga cunkoson Mina da zafin Arfa, kuma ita ba yarinya ba ce. Wasiyya kuwa Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da Musulmi ya riƙa ajiye ta a rubuce, ko yana kwance a ɗakinsa.

Abin da ba na so shi ne bidi'ar da aka ƙara, ta yanka sa da ɗinka anko, mutum ya ci bashi don walimar tafiya.

Saboda haka ka ɗauke ta ka kai ta duk gidan da ta ambata, har gidan gwaggonka da suka daɗe ba sa ga maciji. Kada ka tsaya a mota, ka shiga ka durƙusa ka gaishe su. Ka gaida mutanen gida.

Baffanka.