Amsa kan ɗaukar hirar mutum biyu da kyamara ɗaya

Ƙanena, ka ce kyamara ɗaya gare ku, kun ɗauki hirar uba da ɗansa a zaure, da ka zo editin sai sauti ya riƙa tsalle duk inda ka yanka. Na sha wannan wuya muna ɗalibai a Samaru, Zariya.

Fim ɗinmu na farko a wani gida muka yi shi a Tudun Wada. Ɓangaren uban da hantsi muka ɗauka, unguwa tsit. Kafin mu juya kyamara kan yaron, maƙwabciya ta tada injin markaɗe, ga ƙananan jiragen koyon tuƙi suna ta shawagi. A lokeshin ko a jikinmu, sai da na sa abin kunne a gaban kwamfuta na gane mun tafka ɓarna: uba na magana a ɗaki, ɗa kamar a kasuwar Sabon Gari. Tun daga ranar ba na barin wuri sai kowa ya yi shiru na naɗi minti 1 na iskar ɗakin, in shimfiɗa shi ƙarƙashin hirar gaba ɗaya. Makirufo kuma kusa da baki, a daina dogara da na jikin kyamara. In da na'ura daban kake naɗar murya, a tafa sau ɗaya a gaban kyamara, da shi za ka daidaita baki da sauti.

Layin nan na digiri 180 an koya muku, wato layin da ake ƙaddara ya haɗa masu hirar biyu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya nasa, kada ka ƙetare shi ko da zauren ya matse ka.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne wurin yankawa. Da, duk wanda ya buɗe baki shi nake nunawa. Alhali a hirarmu ta Hausa, musamman ɗa a gaban mahaifinsa, labarin yana jikin mai sauraro: ya durƙusa, kai a sunkuye, yana tsinkar bakin tabarma. Don haka ka bar muryar uban ta ci gaba, hoto ya koma kan yaron. Ko ka shigo da muryar yaron tun hoto yana kan uban. A manhajar editin ta DaVinci Resolve, ko ta kyautar ma, raba sauti da hoto kawai za ka yi ka ja ɗaya.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ka ɗauki kowannensu tun daga sallama har ƙarshe, har inda ba shi da magana. Mu yaronmu da ya gama layinsa sai ya ɗago yana kallon darakta, dole muka sake komawa Tudun Wada ranar Lahadi, muka roƙi mai injin ta ɗaga mana ƙafa zuwa azahar.