Gidajen Lustron, wai da gaske ƙarfe ne zalla?

Malam, ka tambaya ko da gaske akwai gidajen ƙarfe a Amurka da aka sa a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Eh akwai, Lustron ake ce musu. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji sun dawo ga ƙarancin muhalli, shi ne wani injiniya mai suna Carl Strandlund ya buɗe masana'anta a Columbus, jihar Ohio, a ƙera gida a can a loda a mota a je a harhaɗa. Bango da rufi duk ƙarfe ne mai sheƙi irin na kwanon samira, ba ruwanka da fenti ko gara, hoto ma da maganaɗisu ake maƙalawa. Kusan 2,500 kawai aka yi, bashin gwamnati ya durƙusar da kamfanin a 1950. Yanzu in tsatsa ta ci falle ɗaya, galibi sai a nemo daga wanda aka rushe.