Amsa: Yadda ake zaɓen garkuwar ƙwauri ta hokin ƙanƙara

Ɗan'uwa, ka ce taka garkuwar tana zamewa gefe idan kana gudu. Ina zargin ta yi maka tsawo ne.

Sa takalminka na ƙanƙara, ka zauna gwiwa a lanƙwashe, ka auna daga tsakiyar ƙoƙon gwiwa zuwa bakin takalmin. Da inci ake rubuta girman garkuwar. Ta manya galibi 14 zuwa 17 ce. Mai tsawo takan tokari takalmi, ta ture gwiwa daga mazauninta. Gajera kuwa takan bar giɓi sama da idon sawu, nan faifan robar da ake bugawa a wasan zai same ka, kuma ba daɗi!

Idan harshen takalmi kake cusawa ƙarƙashin garkuwar, ƙara inci 1. Kafin ka saya, ɗaura maɗaurinta ka tsuguna ka gani.