Kafin ka sayo wa tsohuwar kwamfuta sabon kesin

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce an kawo shago Commodore 64, irin ta farkon nan mai tudu, robar ta yi ɗorawa, ƙugiyoyin baya sun karye, ramin noti guda ya fashe. Ka leƙa intanet ka tarar ana sayar da sabon kesin dal, kuɗinsa ya ɗaga maka hankali. Shi ne kake tambaya: wa ke ƙera wa na'urar 1982 kesin a yau, na gaske ne ko jabu, kuma me zai hana mu buga namu da firintar 3D mu huta?

Kada ka tura kuɗi tukuna. Ka fara sanin yadda ake yin abin, sauran tambayoyin za su warware da kansu.

Kesin irin wannan zubi ne. Ana narka ƙwayoyin roba, galibi wadda ake kira ABS, a zafin da ya haura digiri 200, inji ya tura ta da ƙarfi cikin mol na ƙarfe mai ɓari biyu, ta huce, a buɗe, wasu sanduna su tunkuɗo ta waje. Aikin da injinan Sharada ke yi ke nan idan suna buga bokiti da kujerar roba. Robar da ke cikin kesin guda ba wani kuɗi ba ce. Mol ɗin ne dukiyar. Sassaƙa mol na abu mai faɗin santimita 40, da ramukan iska, da turakun noti, da ƙurajen nan na saman roba da ke hana ta sheƙi, yana cin dubun-dubatar daloli. Mai bokiti zai buga miliyoyi ya mayar da kuɗinsa ba tare da mai saye ya ji ba. Mai kesin ɗin Commodore kuwa 'yan dubbai ne masu saye a duk duniya, su za a raba wa kuɗin mol. Tsadar da ka gani daga nan take, sai kuɗin jirgi da na kwastan su hau kai.

Sababbin da ke kasuwa iri biyu ne, kuma lalle ka iya bambanta su.

Akwai waɗanda aka zuba a ainihin mol ɗin kamfanin. Commodore ya durƙushe a 1994, kayansa suka watse. A 2014 wani mutum ya ci karo da mol ɗin C64C, wato siririyar Commodore 64 da ta fito daga baya, a gwanjon kayan wata masana'antar roba a Texas ta Amurka. A 2015 aka yi karo-karo a shafin intanet na Kickstarter, aka buga sababbi, ja da fari da shuɗi da mai garai-garai wanda ake hango bod, wato allon lantarkin na'urar, a ciki. Daga baya mol ɗin ya koma hannun kamfanin Individual Computers a Jamus. Irin wannan ba za ka kira shi jabu ba, tunda ƙarfen da ya haifi na da shi ya haife shi. Robar ce kawai sabuwa.

Akwai kuma waɗanda aka sassaƙa musu sabon mol, saboda na asalin ya ɓata. Haka masu A1200.net suka yi wa Amiga 1200, wata kwamfutar Commodore ta 1992, da karo-karon 2015, daga baya suka yi wa Amiga 500. Haka masu MacEffects suka yi wa Macintosh SE/30, tsohuwar kwamfutar Apple, kesin mai garai-garai. A nan gwaninta take, a nan kuma ake samun matsala. Roba tana tsukewa idan ta huce, ABS kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ka lissafa da kanka: a faɗin santimita 40, milimita 2 ke nan. Wanda ya auna tsohon kesin ya sassaƙa mol daidai da awon da ya samu, abin da zai fito ya gaza, ramin noti ba zai haɗu da na bod ba. Dole mol ya ɗara abin da ake so, kuma gefe mai kauri ba ya tsukewa daidai da siriri. Shi ya sa masu wannan aiki ke buga gwaji, su gyara ƙarfe, su sake bugawa, masu jiran kaya suna ta ƙorafin jinkiri. Amfanin sabon mol shi ne ana iya gyara abin da na da ya rasa. Na Amiga 1200 an dasa masa zoben tagulla a ramukan noti, don kada buɗewa da rufewa su cinye roba, an kuma bar wurin ɗaura ƙananan allunan zamani irin su Raspberry Pi.

To ga inda nake so ka buɗe ido. Na'urar da ke gabanka mai tudu ce. Kesin ɗin da ka gani, in dai daga mol ɗin Texas ne, na C64C ne, siririyar da ta fito a 1986. Bod ɗin zai zauna, ramukan ƙasa sun dace. Amma a mai tudu kibod a jikin murfin sama ake ɗaure shi da notuna, a C64C kuwa zamansa daban ne, sai ka nemi maɗauran da za su riƙe shi, kuma ba kullum suke zuwa cikin kwalin ba. Ka duba ƙarfen gefe, wajen ramukan joistik da makunni, ko zai bari murfi ya rufu. Ka auna wayar fitilar wuta ko za ta kai. Tambarin gaba da ƙafafun roba na ƙasa ma sau da yawa daban ake sayensu. Ka karanta lambar da ke jikin bod, 250407 ce ko 250425 ko wata, ka rubuto wa mai sayarwa ita kafin ka biya. Abu mafi girma: idan ka gama, mai kaya zai karɓi na'ura mai siffar 1986 alhali ta 1982 ya kawo. Wani zai yi murna. Wani kuwa tudun nan da launin ƙasa-ƙasan shi ne abin da ya tuna tun yana yaro, ba zai yafe maka ba. Sai ka tambaye shi.

Batun firintar 3D, ba na hana ka, amma ka san iyakarta. Yawancin ƙananan firintoci faifansu bai wuce santimita 22 ba, don haka kesin ɗin sai an raba shi gida biyu ko uku an manne, kuma wurin mannin ba ya ɓoyuwa. Robar PLA da aka fi bugawa da ita tana fara laushi a wajen digiri 60. Na'urar da kanta tana da zafi, guntun lantarkin da ke kula da hoto da na sauti musamman, balle a manta ta cikin mota da rana tsaka a watan Afrilu. Robar PETG ta fi ta juriya. Inda firinta ke da rana shi ne ƙananan abubuwa: maɗauran kibod ɗin da na faɗa, ƙugiyar baya, murfin ramin da ya ɓata. Wannan ka buga, ba wanda zai gani.

Ni dai da ni ne, wannan kesin ɗin gyara shi zan yi. Ɗorawar da ka gani ba datti ba ce. Haske da zafi ne suka ci robar shekara da shekaru, iska ta shiga jikinta, launi ya juya, ta yi gautsi. Tun wajen 2008 masu sha'awar tsofaffin na'urori ke shafa sinadarin haidurojin feroksaid su shanya a rana, robar ta yi haske. Yana yi, amma sau da yawa ɗorawar tana dawowa, kuma idan shafin bai yi daidai ba sai ka samu dabbare-dabbare da ba ya gyaruwa. Ban cika son yi wa kayan mutane ba. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Ramin notin da ya fashe kuwa aiki ne mai sauƙi: sinadarin asiton yana narkar da ABS, sai ka jiƙa ɓarɓashin tsohuwar roba irinta a ciki har ya yi kauri, ka cike tsagar ta ciki, ka bar shi ya kwana biyu ya ƙame sosai. Ɗigo guda kada ya taɓa fuskar waje, tabonsa ba ya fita. Sabon kesin na wanda nasa ya ragargaje ne a hanya, ko wanda ya haɗa sabon bod ba shi da gidan da zai sa shi.

Ko tsoho ko sabo, hannunka a kan sukudireba shi ne abin tsoro. Notunan nan da kansu suke yanka zare a cikin roba. Idan za ka mayar, ka fara juyawa baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka ɗaura. Da ya tsaya ka tsaya. A sabon kesin ramin bai taɓa ganin noti ba, ka shiga rabin juyi, ka ɗan koma, ka ƙara. Kada ka cakuɗa dogo da gajere, dogon zai ɓullo ta saman murfi. Mai tudu notuna uku ne a gaba ta ƙasa, murfin kuma ta gaba ake ɗaga shi, bayan yana rataye a ƙugiyoyi. Wanda ya fizge shi sama kai tsaye shi ya karya waɗannan da ka tarar. Ka cire wayar kibod da ta fitila kafin ka raba ɓarin biyu. Kuma kada ka naɗe wayar wuta a jikin kesin ka ajiye, robar waya tana cin ta kesin, ta bar mata zane.

Idan mai kaya ya zaɓi sabo, tsohon nasa ne. Lambar na'urar tana manne a ƙasansa, masu tara irin waɗannan kaya kuma ita suke fara dubawa. Ka wanke shi, ka zuba notunansa a leda ka manna a ciki, ka mayar masa. A takardar aiki ka rubuta cewa kesin sabo ne, don kada gobe a sayar wa wani a matsayin na asali da sunan shagonmu.

Kafin duk wannan, ka gwada tiransifomarta ba tare da ka jona ta da na'urar ba. Tana ba da bolt 5 da bolt 9, kuma idan ta tsufa bolt 5 ɗin kan haura ya ƙone guntayen ƙwaƙwalwa. Ka turo mini abin da mita ta nuna, da lambar bod ɗin, da hoton ramin da ya fashe ta ciki.